Babi na Biyar: Maganin da Ba a Haɗiya

A shekarar 1952 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Hans Eysenck, haifaffen Jamus da ke aiki a asibitin Maudsley a Landan, ya fitar da wata 'yar maƙala mai shafi shida wadda ta hana abokan sana'arsa sakat shekara da shekaru. Ya tattaro rahotanni 24 a kan masu fama da damuwa da fargaba, ya lissafa nawa ne suka samu sauƙi. Cikin waɗanda aka bi da su ta tafarkin Sigmund Freud, inda mutum yake kishingiɗa yana tono mafarkansa da ƙuruciyarsa, kashi 44 cikin ɗari ne suka ji dama. A hannun masu gauraya dabaru, kashi 64. Waɗanda kuwa ba a yi musu wata jinyar tattaunawa ba, likitan gama-gari kawai ya duba su ko aka kwantar da su a asibiti, kashi 72 suka miƙe. Sai ya yanke hukunci cewa kusan biyu cikin uku na irin waɗannan marasa lafiya za su warware cikin shekara biyu, ko an zauna da su ko ba a zauna ba.

Aka yi masa ca. Aka nuna akwai son rai a lissafinsa, domin ya zuba marasa lafiya iri daban-daban a ma'auni ɗaya, kuma abin da wannan rahoto ya kira sauƙi ba shi wancan yake nufi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma tambayar da ya jefa ta zauna daram, ita ce kuma dattijo yake yi a gidajenmu idan aka ce masa likita ya tura ɗansa wajen wani su riƙa zama duk mako: "Hira ke nan za su yi? To mu a gidan nan me muke yi? Ba allura, ba ƙwaya, kuma a ce a biya kuɗi?" Dattijon nan ya cancanci amsa ta tsakani da Allah.

Amsar ba za ta fito daga bakin wanda ya ce shi ya je ya warke ba. Wanda mura ta kama, duk abin da ya sha a rana ta huɗu shi zai yaba, ko citta ce ko ruwan zafi, alhali murar ce ta gama kwanakinta. Damuwa ma tana hawa da sauka, kuma mutum ba ya neman taimako sai lokacin da ta kai masa iya wuya, wato lokacin da ake sa ran za ta fara lafawa da kanta. Hanyar raba gardama ɗaya ce. A tara mutane masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa gida ɗaya jinyar a bar ɗayan, bayan watanni a auna su duka da ma'auni ɗaya. Bugun da Eysenck ya yi wa sana'ar shi ya tilasta mata shiga wannan aiki. A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass na Jami'ar Kolorado a Amurka suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 375 da aka kwatanta waɗanda aka yi wa jinya da waɗanda ba a yi wa ba. Abin da suka samu shi ne, idan aka jera mutum ɗari da ba a yi wa jinya ba, daga mai tsananin ciwo zuwa mai dama-dama, matsakaicin wanda aka yi wa jinya zai tsaya gaba da mutum 75 daga cikinsu.

Da a nan labarin ya tsaya, da babin nan bai wuce shafi biyu ba. Amma masu shakka suna da hujjojin da bai kamata a rufe musu baki a kansu ba.

Akwai jinyar da ta cutar da mutane. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, wasu masu jinya a Amurka sun yi imani cewa ciwon ƙwaƙwalwa da yawa ya samo asali ne daga cin zarafin da aka yi wa mutum yana yaro ya manta. Suka shiga matsa wa marasa lafiya, da tambayoyi masu jan hankali da sa barcin dabara, har mutum ya "tuna" abin da bai faru ba. Gidaje suka watse, aka kai iyaye kotu. A 1994 wata kotu a Kalifoniya ta ba wani uba diyyar dala 500,000 a kan waɗanda suka yi wa 'yarsa irin wannan jinya. Shekara guda bayan haka Elizabeth Loftus ta nuna a gwaji cewa ana iya dasa wa baligi mai hankali labarin ƙarya, cewa ya taɓa ɓata a wani babban kanti yana yaro, kuma kusan ɗaya cikin huɗu suka karɓa har suna ƙara masa bayani. Haka nan an daɗe ana tara waɗanda haɗari ko bala'i ya rutsa da su cikin kwanakin farko, a sa su fayyace abin da suka gani a zama guda, da niyyar kada firgicin ya zauna musu. Niyya mai kyau. Da aka auna, sai aka ga ba ya hana komai, wasu ma ƙara musu ya yi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina.

Sai kuma matsalar binciken kansa. A 2015 masana 270 suka haɗu suka sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam. A karon farko 97 daga ciki sun ba da sakamako mai ƙarfi. Da aka maimaita, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka tsaya. Waɗannan gwaje-gwajen ɗakin bincike ne a kan tunani da mu'amala, irin waɗanda marubutan littattafan zaburarwa suke ɗauka suna gina tsari a kai, amma ita ma jinya ba ta tsira ba. A wannan shekarar dai wasu masana suka bi diddigin bincike 55 a kan jinyar ciwon damuwa da gwamnatin Amurka ta biya kuɗinsu, suka tarar 13 ba a taɓa buga sakamakonsu ba. Da aka zaƙulo su aka haɗa da sauran, ƙarfin jinyar ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Bai ɓace ba, amma ya ragu.

Ga wadda ta fi shafarmu. An taɓa ƙirga mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun fannin tsakanin 2003 da 2007, aka ga kashi 96 cikin ɗari daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. A ce an auna ɗalibi ɗan shekara 19 a Amurka, sannan a rubuta cewa haka ɗan Adam yake, wannan shaci-faɗi ne. Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan wanda ya rasu a 2021, tun 1979 ya rubuta littafi a kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masana wannan fanni suke ciki, yana sukar yadda suke kwaso ra'ayoyin Freud a kan addini da sha'awa su zuba wa ɗalibai ba tare da tacewa ba. Abin lura shi ne Badri bai bar sana'ar ba. Ya ci gaba da duba marasa lafiya har tsufansa, da dabarun da ya ga suna aiki.

To waɗanne ne suke aiki? Bari in ɗauki misali ɗaya da kowane mai zuwa masallaci ya taɓa gani.

Ana tayar da iƙama, shi yana bakin famfo. Ya wanke fuska, ya kai gwiwar hannu, sai ya tsaya: na yi niyya kuwa? Ya koma farko. Ya kai shafar kai, sai ya ji kamar iska ta fita. Ya koma farko. Hannun rigarsa ya jiƙe sharkaf, yatsunsa sun yi fari sun tattare, buta ta uku ke nan. Liman ya sallame bai shiga sahu ba. Idan ya tsaya shi kaɗai, kabbarar harama sai ya yi ta sau goma yana warwarewa. Wasu su ce tsoron Allah ne ya yi masa yawa, yara su yi masa dariya, shi kuwa shi ya san azabar da yake sha. Wani har ya kai ga barin salla gaba ɗaya saboda gajiya, sannan tunanin ya halaka ya hana shi barci.

Yadda ciwon waswasi yake aiki abu ne da aka fahimta sosai. Shakka ta faɗo, gaba ya faɗi, mutum ya maimaita aikin, hankali ya kwanta na ɗan lokaci. Wannan ɗan sauƙin shi ne yake ciyar da ciwon, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa maimaitawar ce ta cece ta, gobe sai shakkar ta dawo da ƙarfinta. A 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya gwada wata hanya a kan marasa lafiya biyu. Ya sa su fuskanci abin da ke tayar musu da shakka, ya hana su maimaita aikin, aka zauna da su har fargabar ta hau ta sauko da kanta. Yau wannan ita ce jinya ta farko da ake ba mai waswasi, kuma fiye da rabin waɗanda suka jure suka kammala ta suna samun sauƙi mai yawa. A aikace, mai jinya zai zauna da mutumin nan su jera abubuwan da ke tayar masa da hankali daga ƙarami zuwa babba. Makon farko, alwala ɗaya a sallar Azahar kaɗai, ko shakka ta zo ba komawa, sannan ya rubuta ƙarfin fargabarsa daga ɗaya zuwa goma duk bayan minti biyar, ya gani da idonsa tana sauka. Mako na gaba a ƙara La'asar. Aiki ne mai wuya, akwai gumi, akwai masu gudu a tsakiya.

Wanda ya yi karatun zaure zai ce ai mun san wannan. Haƙiƙa mun sani. A Ahalari da Risala an bayyana cewa wanda shakka ta aura, take zo masa kullum, ya watsar da ita, kada ya koma ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujadar ba'adi ya wuce. Malaman fiƙihu sun kai ga hukuncin ɗaruruwan shekaru kafin Meyer. Abin da jinyar zamani ta ƙara shi ne tsani da mai riƙe tsani. Mai waswasi ya san hukuncin, sau da yawa ma ya fi ka saninsa, aiwatarwar ce ta gagare shi shi kaɗai.

Haka abin yake ga ciwon damuwa. Aaron Beck, likita a Jami'ar Fensilbaniya, almajirin tafarkin Freud ne. Ya shiga bincike domin ya tabbatar da cewa damuwa fushi ne da mutum ya juyo wa kansa, sai bincikensa ya ƙi ba shi abin da yake nema. Abin da ya gani shi ne wasu tunane-tunane masu faɗowa da sauri, mutum ya gaskata su ba bincike: ba ni da amfani, kowa ya gaji da ni, ba abin da zai gyaru. Ya koya wa marasa lafiya su kama irin wannan tunani su rubuta, su nemi hujjarsa da kishiyar hujjarsa, su kuma koma ga ƙananan ayyukan da suka bari. A nan ma akwai wanda ya riga shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda yake sauka ba dalili, ya yi babi a kan tsoro da fushi da waswasi, ya kuma shawarci mai lafiya ya tanadi tunani nagari tun kafin ranar buƙata. Malik Badri ne ya fassara sashen littafin da ya shafi zuciya zuwa Ingilishi.

Saura tambaya mai nauyi: abin da aka gwada a Landan da Fensilbaniya zai yi wa matar ƙauye da ba ta yi boko ba aiki? An gwada.

A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa suka ɗauki mata masu juna biyu 903 da ke fama da ciwon damuwa. Aka koya wa ma'aikatan lafiya mata na unguwa, waɗanda dama suke shiga gida-gida, wani sauƙaƙƙen tsari na dabarar Beck, da hotuna maimakon rubutu. Sauran matan ma an riƙa kai musu ziyara daidai adadin ta waɗancan, sai dai masu ziyarar ba su koyi tsarin ba. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon a gida na farko, a gida na biyu kuwa kashi 53. An buga sakamakon a mujallar Lancet a 2008. Wannan gwaji shi ne amsar da zan ba dattijonmu, domin gida biyun duka sun samu mai zuwa ta zauna ta yi hira da su. Bambancin yana cikin abin da aka yi da zaman.

A Zimbabwe kuma, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya rasa wata matashiya da yake dubawa a 2005. Ta kashe kanta a ƙauyensu, da ya tambayi mahaifiyarta me ya hana su dawowa asibiti, ta ce kuɗin mota ne babu. A lokacin likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka ba su kai 20 ba. Sai ya koma ga tsofaffin mata masu aikin lafiya na sa-kai a unguwar Mbare ta Harare, ya fara da 14. Aka kafa benci na katako a harabar ƙaramin asibiti. Mai damuwa ya zo ya zauna, kaka ta saurare shi har ya zazzage cikinsa, tana riƙe da matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ta sallame shi, ba ta kuma yanke masa abin da zai yi. Sai ta maido masa da jerin, ta ce ya zaɓi guda ɗaya da za a fara da ita. Kuɗin makarantar yaro ne? To wa za ka iya tunkara, yaushe, me za ka ce masa? Mako mai zuwa ka dawo ka faɗa mini yadda kuka yi. Zama shida ke nan. Da aka gwada tsarin a kan mutum 573 a asibitoci 24, aka buga a mujallar JAMA a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na 'yan benci ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya gidan kuwa kusan rabi.

Kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin alkawari ga kowa. Ingila ta buɗe shirin jinyar tattaunawa kyauta a 2008, mutane fiye da miliyan suna shiga duk shekara, kuma kusan rabin waɗanda suka kammala ne suke warkewa. Rabi ba kaɗan ba ne, amma ɗaya rabin ma mutane ne. Akwai kuma ciwon da magana ita kaɗai ba ta isa ba. Wanda yake jin muryoyi, ko ya kwana bakwai ba barci yana rabon dukiyarsa, ko mai jegon da ta daina gane jaririnta, likita da ƙwaya suke buƙata da gaggawa. Tattaunawa ba ta sa tukunya a wuta, ba ta kuma hana miji duka. Wanda ya ce wa mace mai kwana da yunwa ta gyara tunaninta kawai, ya zalunce ta. Sannan a yi hattara da masu fitowa a TikTok da Facebook da sunan masana, suna laƙaba wa miji ko uwar miji sunan ciwo daga jin labarin ɓangare ɗaya. Ba abin da ya haɗa su da gwaje-gwajen da na ambata.

Mu a nan, zaɓin da ke gaban yawancin iyalai ya fi wannan muni. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri sun yi wa jama'ar da ke kewaye da su kaɗan, balle Barno da ta sha wuyar yaƙi tun 2009. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da mari a ƙafa, makonni kaɗan bayan haka aka sake ganin irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda rashin ji, wasu saboda ciwon da ba a gane ba, kuma ba don ƙiyayya suka kai su ba. Wata ƙofar ce ba su gani ba. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda asalinta na zamanin Turawa ne.

Ba mu rasa abin koyi a gida ba. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Muna da ungozomomi, da malaman Islamiyya mata, da ma'aikatan da ke bin gida-gida da rigakafin shan inna, da limamai waɗanda dama su ake fara kai wa kuka. Abin da kakannin Harare suka koya, waɗannan ma za su iya koya, muddin akwai ƙwararre a bayansu da zai riƙa duba aikinsu, ya karɓi wanda ciwonsa ya fi ƙarfin benci. Ba a ce kowa ya bar addu'a ko ruƙiyya ta shari'a ba. Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Idan kai ne za ka je, ko za ka kai naka, ka tambayi mai jinyar abu uku kafin a fara: wace hanya zai bi, zama nawa ake sa ran yi, kuma da me za a gane ana samun sauƙi. Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. In an yi wata biyu ko uku ba canji, ku faɗa masa ƙeƙe-da-ƙeƙe, a sauya hanya ko a sauya mutum. In kuwa ɗan'uwanka ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ma ya mutu kowa ya huta, kada ka tsaya ga yi masa faɗa. Ka kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, ka kai shi asibiti a ranar.